Sulallan Marengo

Ni da Ozella Pettway mota ɗaya ta kawo mu Las Vegas daga Tallulah a shekarar 1953, kowacce da akwatinta ɗaure da igiya. Sati bai zagayo ba muka samu aikin da duk baƙar mace take samu a garin nan a lokacin, wato gyaran gado da wankin banɗaki a manyan otal-otal. Ta ƙofar baya muke shiga, ta nan muke fita. Shekara biyar muka yi muna jin hayaniyar zauren caca ta bayan bango, ba mu taɓa taka shimfiɗarsa ba sai in wani ya yi amai an kira mu da bokiti.

A 1958 aka fara wani gini a unguwarmu ta Westside, can ƙarshen titin Jackson. Gidan caca ne, aka sa masa suna Marengo. Mai shi wani Bature ne daga Chicago da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Ana cikin fenti aka manna takarda a shagon aski, wai ana neman baƙaƙen mata goma sha biyu a koya musu rabon karta.

"Earline, na ajiye bokitin nan," Ozella ta ce da ni muna hanyar gida.

"Ki ajiye ki ci me?"

"Ke dai zauna ki tsufa kina shinshinar zanin gadon mutane. Ni na yi gaba."

Na bi ta, kamar yadda na saba.

Wanda ya koya mana wani tsohon Bature ne daga Reno, Mista Vosk, mai tari kamar tsohuwar mota, taba ta rina masa yatsu. A gidan caca ba a zuba kuɗi a kan tebur. Za ka miƙa dalarka a ba ka sulallan gidan, 'yan faifai na yumɓu masu launi, kowane gida da nasa tambari. Namu ba su iso daga wurin masu yin su ba tukuna, don haka da tsofaffin sulallan wani gida da ya ƙone muka koya, gefensu duk ya cinye, ga maiƙo kamar an soya su.

Sati shida muka yi. Tun a sati na biyu kowa ya san wace ce gwanar ajin. Ozella takan kai hannu ba tare da ta duba ba ta ɗago sule ashirin cif, ta raba su gida huɗu da ɗan yatsa ɗaya, tana yi tana hira. Mista Vosk ya ce shekara talatin yana wannan sana'a bai ga irin hannunta ba.

"Yarinyar nan akwai ido a yatsunta," ya ce. Sannan ya juyo kaina. "Ke kuwa Earline, wannan hannun naki na kwaɓa fulawa ne. Ki riƙa tsayawa kusa da ita ko Allah ya sa ki shafa."

Aka yi dariya, har da ni, don gaskiya ya faɗa.

Ranar Juma'a aka sa za a buɗe Marengo. Ranar Litinin sulallan suka iso cikin akwatunan katako tara. Mista Vosk ya ɓalle ɗaya a gabanmu. Ja, kore, baƙi, a tsakiyar kowanne da hoton dawisu mai ruwan zinariya. Ozella ta miƙa hannu, ya ɗan doke mata shi.

"Sai Juma'a. Sabon sule gefensa da kaifi, ba ya zamewa kamar waɗancan tsummokaran. Ki bari ki ji shi a kan teburinki, gaban mutane."

Ashe mazan da ke rabon karta a cikin gari sun daɗe suna ƙorafi, wai mata suna karɓar albashi kaɗan, za su raba su da abincinsu. Ranar Laraba masu mulkin gari suka zauna suka yanke cewa daga ranar ba macen da za ta ƙara raba karta. Washegari da safe Mista Vosk ya tara mu, hularsa a hannu, ya faɗa mana cikin jimla uku, tari ya ƙarasa masa sauran.

Baƙaƙen mazan da suka iya aikin ba su da yawa, kuma duk suna da wurinsu. Turawan kuwa ba mai yarda ya tsallako layin dogon da ya raba mu da cikin gari ya yi aiki a unguwarmu. Mutumin Chicago ya tattara abin da ya rage masa ya tafi. Marengo bai buɗe ko na awa ɗaya ba. Ginin ya koma shagon kujeru, daga baya coci, daga baya fili.

Mijin Ozella, Cleophus, yana da akori-kura da yake kwashe shara da ita. Shi aka kira ya kwashe akwatunan ya zubar a tafki. Da ya biyo ta gida ya sha ruwa, Ozella ta leƙa bayan motar ta gane su. Ta je ta tsaya a gaban motar ta naɗe hannu.

"Sauke su."

"Zella, aiki aka ba ni."

"Na ce ka sauke. Dokar nan ba za ta yi shekara ba. In an buɗe Marengo, da me za a yi wasa? Da duwatsu?"

Cleophus mutum ne mai gudun fitina. Ya sauke su a ɗakin bayan kicin ya rufe da tamfol. Ozella ta kafa doka a gidan: ba mai buɗewa, ba mai taɓawa, ita ma kanta. "Ba namu ba ne," ta ce. "Ranar da za a mayar, ina so Mista Vosk ya same su yadda ya bar su."

Dokar gari ta yi shekara goma sha biyu. Mista Vosk bai kai rabinta ba ya mutu.

Muka koma bokiti. Ni an karɓe ni nan take, don ban yi wa kowa baki ba ranar da zan tafi. Ozella kuwa ta gaya wa shugabar masu gyaran ɗaki abin da ya daɗe a ranta, don haka sai da ta yi kwana uku tana tsayuwa a ƙofar baya kafin a dube ta. Da aka tashi ɗaukarta aka tura ta ɗakin wanki a ƙarƙashin ƙasa, cikin tururi da ruwan sinadari, hannu a jiƙe daga safe zuwa yamma.

A 1971 aka tilasta wa manyan otal-otal su ɗauki baƙaƙe a teburin caca. Muka je gwaji tare, kowacce shekararta arba'in da ɗaya. Mai gwajin wani saurayi ne yana taunar cingam. Ozella ta fara. Tun a mota na lura tana ta murza yatsunta, gaɓoɓin sun kumbura da sanyin ƙashi kamar an ɗaura musu ƙulli. Kanta bai manta komai ba, na gani a idonta. Ta kai hannu ta ɗago, sulallan suka zube suka gangara har ƙarƙashin tebur. Ta sake, suka sake zubewa.

"Mama," saurayin ya ce, ko cingam ɗin bai daina tauna ba, "ina jin ɗakin wanki kike nema. Yana ƙasa."

Ni aka ɗauka. Ba don na iya ba, hannuna na fulawa yana nan yadda yake. Ana so su cike baƙaƙen mata uku kafin ƙarshen wata, ni kuma ban zubar da komai ba. Shekara ashirin da ɗaya na yi ina rabon karta, na sayi gida, na sa yarana a makaranta. Satin da na fara Ozella ta kawo min takalmi mai taushin ƙasa, ta ce tsayuwa na cin ƙafa. Daga nan ba ta ƙara tambayata yaya aiki ba, ni ma ban ƙara ba ta labarinsa ba. Muka ci gaba da zama benci ɗaya a coci.

A 1994, bayan rasuwar Cleophus da shekara biyu, 'yarta Verdell ta matsa lallai ta koma wurinta a Oakland. Aka sayar da gidan, aka ba ta zuwa ƙarshen wata ta kwashe kayanta. Komai ya samu wurin zuwa sai akwatunan nan tara.

Ni na ga sanarwa a jarida cewa masu tara tsofaffin sulallan caca za su yi taronsu na shekara a wani otal. Ban ma san akwai irin waɗannan mutane ba, duk da shekarun da na yi sulalla na wucewa ta hannuna. Na ce da Ozella ta bari in kai ɗaya su gani. Sai da na yi kwana biyu ina magiya.

"Je ki ɗauka da kanki," ta ce daga ƙarshe. "A akwatin da Mista Vosk ya ɓalle. Kar ki taɓa sauran."

Zauren cike yake da Turawa masu furfura, kowa da gilashin ƙara girma rataye a wuya, suna sunkuye kan tebura. Na zaga na zaga, sai ga dawisu a cikin wani akwatin gilashi. Jan sule na dala biyar, an rubuta a ƙasansa cewa uku kawai aka sani a duniya, kuɗinsa dala ɗari tara. Na san waɗannan ukun daga aljihun Mista Vosk suka fito, ba wata hanya.

Mai teburin sunansa Dale Rusnak, ɗan gajere mai sanƙo, mai fara'a. Na buɗe hankicina na nuna masa. Fara'ar ta ɗauke. Ya zura farar safar hannu kafin ya karɓa, ya juya shi a ƙarƙashin fitila ya daɗe.

"Madam, ina kika samo wannan?"

"A ɗakin bayan kicin ɗin ƙawata."

"Akwai wani?"

"Akwai," na ce.

Ranar Asabar da azahar ya zo, zafi kamar a murhu. Ozella ta sa rigarta ta zuwa coci, ta yi kek ɗin masara, ta haɗa shayi mai ƙanƙara. A kan tebur ta jingina hoton da aka ɗauke mu mu goma sha biyu a ƙofar Marengo, kowacce da farar riga da baƙin ɗan kwali a wuya. Tun ranar Alhamis take tuno sunayen tana rubutawa a takarda don kada ta manta ko ɗaya in ya tambaya.

Ya gaishe ta da ladabi, ya sha shayi rabin kofi, ya ce ko za a nuna masa. Na yaye tamfol ɗin. Ya tsaya yana kallo, leɓensa na motsi. Sai ya nemi wuri a kan bokitin fenti ya zauna.

"Duk wannan Marengo ne?"

"Duka," Ozella ta ce. "Takwas ko ƙusarsu ba a cire ba."

Ya buɗe wanda aka ɓalle da safarsa. Shekara talatin da shida, amma launin kamar jiya aka shafa. Ya yi ta magana, rabi da mu rabi da kansa. Ya ce mutane suna mamakin yadda ake samun sulen da ya girme su amma ko ƙwarzane babu. Wani gidan yakan yi odar kala biyu ya ɓoye ɗaya na ko-ta-kwana, har ya rushe ba a fito da su ba. Wani kuma a ba ma'aikaci ya zuba a kankare ko a tafki, shi kuwa ya kai gida. Amma gidan da bai buɗe ba ko sau ɗaya, ya ce, wannan shi ne mafarkin kowa.

"Mafarki," Ozella ta maimaita.

"Sai dai akwai matsala, Madam Pettway. Kin san abin da kika yi min yau?" Ya yi 'yar dariya ya share sanƙonsa. "Nawa guda uku suna da daraja ne don su uku ne. In labari ya fita cewa akwai dubbai a wani ɗaki, gobe ko kuɗin kofin shayi ba za su yi ba. Nawa da naki duka."

Ya faɗi abin da yake so. Zai saya duka, ya ware kaɗan, ya kai sauran a niƙe. Mu kuma mu yi shiru. Kuɗin da ya ambata bai kai na sule huɗu ba a farashin teburinsa.

"Zella, mu nemi wani," na ce.

"Kuna iyawa," ya ce, ba da faɗa ba. "Amma duk wanda kuka nuna wa zai gaya wa abokinsa. Kafin Litinin kowa ya ji, sannan ba mai ba ku ko rabin wannan."

Ina jin gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ozella ta koma falo ta ɗauko hoton da takardar sunayen ta miƙa masa.

"Waɗanda za ka ware, na ga kuna rubuta 'yar takarda a ƙasansu. Ka sa sunayen nan. Mu ne za mu yi aiki da su. Wannan ta tsakiyar ni ce."

Ya karɓa ya duba kamar yadda ake duba hoton jikan maƙwabci. "Kai, kun yi kyau. Amma Madam, masu saye ba sa son dogon labari. Kuma in na sa sunaye, za a tambayi inda na samo. Abu ɗaya ne yake sayar da sulen nan: hannu bai taɓa shi ba."

"Haka ne," ta ce. "Bai taɓa ba."

Ta matsa kusa da akwatin da ke buɗe ta tsaya a kansa. Na ga hannunta ya ɗago. Rusnak ya yi sauri ya zaro wata safar daga aljihu.

"In za ki ɗauka, da wannan zai fi. Gumin hannu yana dusar da ruwan zinariyar."

Ta dubi safar, ta dubi yatsunta da ko za ta mutu ba za su shiga safar ba. Ta mayar da hannun ta riƙe da ɗayan.

"Bar shi. Kira motarka."

Kafin la'asar ta yi sanyi ɗakin ya zama wayam, sai shatin akwatuna a kan siminti. Na shiga tattara kofuna don in samu abin yi.

"Ko ba komai kin huta da su," na ce.

"Na huta?"

"Ina nufin, da a ce an zubar tun farko..."

"Earline, ajiye kofin nan ki dube ni." Ba ta ɗaga murya ba. "Ranar da yaron nan ya ce min ɗakin wanki yana ƙasa, kina ina?"

"Ina bayanki."

"Kina bayana. Me kika ce?"

Na ajiye kofin a kan tebur.

"Ba ki ce masa wannan ita ta koya min riƙon karta ba. Ba ki ce a ba ta minti biyar hannunta ya yi ɗumi ba. Kin gyara rigarki kin matsa gaba. Shekara ashirin da uku ina jira ki ɗauko zancen ko sau ɗaya."

"Ina da yara uku a lokacin, Zella."

"Ni kaji gare ni?"

"To me kike so in yi? In ƙi aikin mu koma wanki mu biyu?"

"Ban ce ki ƙi ba. Baki kawai na so ki buɗe." Ta zauna a kujerar kicin. "Yau ma ke kika kawo shi. Abu ɗaya da na ajiye a duniya, kin kai kasuwa an gaya min kuɗinsa. Da ban sani ba, da na tafi Oakland da tunanin ina da wani abu."

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ta ji, in ja mata ƙofa in zan fita, zafi na shigowa.

Ranar da za ta tafi na je da sassafe da abincin hanya, na tarar Verdell ta zo ta ɗauke ta tun jiya. Na rubuta mata wasiƙa uku. Ta amsa ɗaya da katin Kirsimeti, sunanta kawai a ciki.

Rusnak bai niƙe ko ɗaya ba. Na gane haka ne don na ci gaba da zuwa taron nasu duk shekara, ban san me nake nema ba. Kowace shekara sai ya fito da biyar ko shida, wai an tsinto su a kayan wani mamaci a Reno, ko a aljihun tsohuwar kwat. Farashin na hawa. In ya hango ni sai ya ɗaga min hannu da fara'a, ya juya ga mai saye. Na sha cewa yau zan tsaya a tsakiyar zauren in faɗi abin da na sani. Ban taɓa yi ba.

Ozella ta rasu a farkon 1998. Na hau mota na je Oakland jana'iza. Fasto ya yi magana kan mace mai haƙuri da ta yi shekara talatin tana wanki ba ta taɓa makara ba. Bayan an dawo daga maƙabarta ana cin abinci a gidan Verdell, na zauna kusa da ita, na ce bari in ba ta labarin da ya kamata a ce an faɗa a coci.

"Babarki ita ce mai rabon kartar da ta fi kowa a garinmu. Wanda ya koya mana ya ce bai taɓa ganin irin hannunta ba."

Verdell ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa.

"Mama? Anti Earline, ina jin wata kike nufi. Mama ko kartar wasan yara ba ta bari a shigo mata da ita gida. Na taɓa shan duka a kan haka."

"Akwatunan ɗakin baya fa? Ba ta taɓa gaya miki ko mene ne ba?"

"Ta ce tayil ɗin banɗaki ne da Baba ya tsinto."

Wata mata ta kira ta daga kicin, wai shinkafa ta ƙare. Ta dafa kafaɗata ta ce in ci abinci kafin ya huce, ta tashi.